Ramuwar Alhamis ta Kawu Gwani

Tsohuwar da ta fara shigowa gaisuwa ranar da muka kai Kawu makwancinsa ba da kuka ta zo ba, da mamaki ta zo. Ta tsaya a bakin zauren gidansa na Madabo, ta dogara sandarta, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wai Gwani sai yau ya rasu? Ni fa tun bara nake sa shi cikin addu'ar mamata."

Babban ɗansa, wanda taubashina ne tun da uwata ƙanwar ubansa ce, ya gyara zama ya ce, "Yana wajena ne, Hajiya. Can gaba da Kabuga."

"Af," in ji ta. "To ai shi ne."

Ta wuce cikin gida wajen mata. Ba wanda ya tambaye ta abin da take nufi.

Kwana uku muka yi a kan tabarmi, kowa ya zo da nasa Kawun. Limamin unguwa ya ce rijiya ta ƙafe. Haka yake faɗa a kan duk wanda ya rasu da furfura, amma wannan karon muryarsa ta yi rawa. Wanzaminsa, wanda shi ma yanzu sai an riƙo masa hannu, ya ce shekara arba'in yana aske kan nan bai taɓa jin ya ci naman kowa ba, "kuma kun san halinmu, ni nake fara jefa masa ƙugiya." Samarin lungu suka zo suka shafa fatiha suka tashi. Rabinsu ba su san wanda ya mutu ba, sun dai ga an kafa rumfa.

Shi kuwa taubashina, duk wanda ya durƙusa ya ce ya haƙuri, sai ya amsa, sannan ya ƙara da cewa, "Kuma wallahi ba hawan jinin ba ne. Awonsa na ƙarshe ɗari da ashirin da takwas bisa saba'in da tara." Yana faɗa kamar hedimasta yana nuna wa sufeto rajista. Ban ga laifinsa ba, kowa da irin kukansa. Amma na ji tsoron kada a wayi gari wannan lambar ce kaɗai ta rage daga Kawu, shi ya sa na ɗauki biro. Ni tsohon malamin makaranta ne, ba ni da wata sana'a ta riƙe mutum sai wannan.

Kakanninmu na wajen uwa daga Barno suka zo, tun zamanin da ba wanda ya riske shi. Barbarci ya zube mana a hanya, sai 'yan kalmomin gaisuwa da na rigima, waɗanda su ne ba sa mutuwa a kowane harshe. Abin da bai zube ba shi ne hannun rubutu. Kawu marubucin Alƙur'ani ne, da ka yake rubuta shi, da alƙalamin kara da tawadar da ya dafa da kansa, baƙa ta haruffa, ja ta wasali. Ya gama guda goma sha ɗaya a rayuwarsa. Na sha biyun shi ne maganar da zan yi.

A zaure yake aiki, a kan buzu, yana fuskantar ƙofa, don daga nan haske ke shigowa. Daga hantsi zuwa azahar, Asabar zuwa Laraba. Alhamis da Juma'a hutu ne, kamar yadda aka saba a makarantun allo, ko da yake rabonsa da ɗalibi an daɗe. Mai wucewa ya yi sallama, ya amsa ba tare da ya ɗaga kai ba, kuma ya kira shi da sunansa, don ya san takun kowa a lungun. Ni "Malamin gwamnati" yake ce mini. Ya taɓa karɓar wasiƙar da na rubuta, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, "Kai kuma har biyanka ake yi ka koya wa 'ya'yan mutane wannan?" In ya ga ina sauri sai ya ce gaggawa ba ta iya wasali.

Abu ɗaya ne ba a wasa da shi a wajensa: ba ya taɓa alƙalami sai da alwala. Ko ɗigo ɗaya ya manta, in alwala ta karye, ɗigon zai jira.

A kan wannan suka yi babban faɗansu da ɗansa. Taubashina ɗan kasuwa ne, mai son ubansa, mai kuma son a gama abu. Ya zo wata rana da shawara: a ɗauki hoton rubutun Baba, a kai wa masu inji, a buga dubu, sunan Baba ya shiga ko'ina. Kawu ya saurara har ƙarshe, yana feƙe alƙalami.

"Injin nan, Alhaji, yana alwala?"

"Baba, ai inji ne."

"Na ji. Tambaya na yi."

Wata biyu suka yi gaisuwa kawai ke haɗa su. Ni kuwa na samu abin tsokana, duk inda na ga taubashina sai in ce, "Alhaji, ya injinka, ya yi tsarki?" Shi kuma ya ce, "Tafi can, mai jan biro, wanda fansho ya mayar mai gadin rediyo."

Gaskiya ya faɗa. Shekarar da na yi ritaya na rasa inda zan sa kaina. Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana gyara wa mutane kuskure, in aka raba shi da aji, iyalinsa ne ke shan wahala. Sai Kawu ya aiko a kira ni, ya ce idonsa ya yi rauni, yana neman mai ja masa layi a takarda. Na riƙa zuwa kullum da rula, ina ja, ina jin ni ma wani ne. Ya yi ta yaba mini. Sai da aka yi makonni na ga wani allon kwali mai zare a jere a bayan akwatinsa, wanda in ya ɗora takarda ya shafa da hannu, layuka ke fitowa cikin ƙiftawar ido. Shekara hamsin da shi yake aiki. Ya ɓoye shi ne don in samu wurin zuwa. Ban nuna na gani ba, shi ma bai nuna ya san na gani ba. Bayan wata biyu wata makarantar kuɗi ta neme ni in riƙa koyarwa da safe, na ajiye rula na tafi. Kawu kuwa ya ciro allonsa.

Lokacin nan matarsa, Iya, tana raye. Ita ce bakin gidan. Abin da Kawu ba zai iya faɗa wa kowa ba, ita yake gaya wa, ita kuma ta gaya wa duniya, a samu mafita kafin la'asar. Da ta rasu, gidan ya zama kamar kasuwa ranar da ba ta ci. 'Ya'ya mata suna gidajen mazajensu, maza sun yi gini a bayan gari, abokansa na zaure ɗaya bayan ɗaya an bi da su ta wannan lungun a kan makara. Aka bar shi da wata jikar ƙanensa da ke kawo abinci daga maƙwabta, sai buzu, sai takarda. A wannan shekarar ya fara na sha biyu, ya kuma ce shi ne na ƙarshe.

Bayan arba'in ɗin Iya ne ya fara kukan ciwon ƙeya. Ni da taubashina muka kai shi asibiti. Likitar yarinya ce, sa'ar jikokinsa, mai fara'a da haƙuri. Ta auna, ta sake aunawa, ta ce hawan jini ne. Ta yi masa bayani dalla-dalla, har na ji sha'awar darasin. Ta ce ciwo ne da ba ya sallama, yana cin zuciya da ƙoda da ido a ɓoye, wata rana kuma a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Ta rubuta ƙwaya ɗaya kullum da safe. Ta ce ba warkarwa take yi ba, riƙewa take yi, saboda haka ko ya ji garau kada ya daina. Ya rage gishiri da kanwa. In zai tashi daga zaune ya tashi a hankali. Sannan ta ce wannan irin yana rage ruwan jiki ne, zai sa shi yawan zagayawa, shi ya sa ake shan sa da safe don kada ya hana barci. In wani abu ya dame shi, ya dawo ya faɗa.

Kawu ya ce, "Zuwa yaushe zan sha?"

"Iya rayuwa, Baba."

"Ashe dai aure aka ɗaura mini."

Muka yi dariya, muka fito. Ba wanda ya tsaya a kan maganar zagayawa. Ni da na san zaurensa, na san buzunsa, na san ƙa'idarsa, ban haɗa biyu da biyu ba.

Taubashina ya tsara abin yadda yake tsara shago. Ya sayi na'urar awo ya ajiye a ɗakin Kawu. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai mu biya, ya ɗaura masa a dantse, ya rubuta lamba, ya ƙirga ƙwayoyin da suka rage. Kullum ƙwaya bakwai ta tafi, kullum awo ya yi kyau, wani lokaci ma har ya yi ƙasa. Mukan tarar da Kawu a kishingiɗe, leɓɓansa a bushe, yana cewa ƙafafunsa na ɗaurewa. Muka ce tsufa ne. Kusan shekara muka yi a haka, muna yaba wa kanmu.

Wata Talata aka tashe mu daga makaranta da wuri, na ce bari in biya Madabo. Na tarar da shi a zaure, alƙalami a hannu, amma ya dafe goshi da ɗaya hannun, idanunsa jajur. Ya amsa sallamata, bai kira ni da sunan tsokana ba. Na shiga ɗaki na ɗauko na'ura. Ɗari da casa'in bisa ɗari da biyar. Na ce na'urar ta lalace, na ɗaura wa kaina, ta nuna lafiyarta lau. Da na koma mayar da ita ne na ga wani ɗan gwangwani a kan taga, da ƙwayoyi huɗu a ciki, an jera su kamar ɗalibai a layi.

"Kawu, waɗannan fa?"

"Asabar, Lahadi, Litinin, Talata."

"Ba ka sha ba?"

"Ban ƙi ba. Jinkirtawa na yi. Zauna, Malamin gwamnati, tsayuwarka na tare mini haske."

Na zauna, ya yi mini bayani kamar mai ba da fatawa. Idonsa ba ya aiki sai da hasken safe. In ya sha ƙwayar nan bayan asuba, daga hantsi zuwa azahar sai ya tashi sau biyar, sau shida. Kowace tashi, sai ya lallaɓa gwiwoyinsa, ya ratsa tsakar gida, ya zagaya, ya sake alwala, ya jira hannu ya bushe ƙarau don kada ya jiƙa takarda, ya dawo ya tarar alƙalami ya bushe, haske ya matsa. Makon farko shafi ɗaya ya yi, shi da yake yin uku a yini. Sai ya zauna ya yi nazari, ya fitar da hukunci: ranakun rubutu ba sha, ranakun hutu a rama. Uku ranar Alhamis, huɗu ranar Juma'a da sassafe, kafin Alhaji ya zo ƙirga.

"Wanda ya sha azumi da uzuri, me yake yi?"

"Ramuwa, Kawu, amma..."

"Wanda salla ta kuɓuce masa fa?"

"Ramuwa."

"To. Ko ƙwaya ɗaya ba a bi na."

Na zaro takardar nan da ake naɗewa cikin kwalin magani, wadda ba mai karanta ta sai tsofaffin malaman makaranta. Na fassara masa inda aka ce wanda ya manta kada ya haɗa biyu. Ya karɓa, ya kai ta kusa da ido, ya duba ƙasanta.

"Wa ya rubuta?"

"Masu maganin."

"Ba suna, ba sa hannu, ba a san malaminsa ba. Kai a ajinka kana karɓar irin wannan?"

"Kawu, wanda ya kwana biyar bai ci ba, ai ba ya cin tukunya biyar ranar Alhamis."

"Ba ka taɓa zuwa walimar danginmu ba ke nan."

Na yi dariya, Allah Ya yafe mini. Na ce to me ya hana shi gaya wa likita? Ya dube ni kamar na yi saɓo. Yarinyar da ya girmi kakarta, ya zauna gabanta yana lissafa mata zagayawarsa? Na ce to Alhaji fa? Nan fuskarsa ta canja. Ya ajiye alƙalami, abin da ba ya yi a tsakiyar layi.

"Tun rasuwar uwarsa yake neman dalilin da zai ɗauke ni daga gidan nan. Ya gyara mini ɗaki, na gani, har da abin sanyi. In ya ji wannan, ya samu. Izu huɗu suka rage mini cikin sittin. Wata uku, in Allah Ya yarda. Ka bar ni in gama a inda na fara, sannan ku kai ni duk inda kuka ga dama. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ne, bai taɓa ba.

Abin da ya kamata in yi a ranar a bayyane yake, ko ɗan aji uku ya sani: in tare mota in kai shi wajen likita a wannan sa'ar, ni da shi. Ban yi ba. Na sa shi ya haɗiye ƙwaya ɗaya a gabana, na sa ya yi alkawarin zai riƙa sha kullum, ya ce to. Na koma gida ina ganin na yi dabara. Laraba ina da aji.

Ranar Alhamis da hantsi na dawo. Zaure ba kowa. Na yi sallama na leƙa tsakar gida, na hango shi tsugune a bakin rariya da buta, yana alwala. Da ya ji muryata sai ya yunƙura ya miƙe da sauri, don in ga lafiyarsa ƙalau. Ya yi taku ɗaya. Na ga idanunsa sun tafi, gwiwoyinsa sun naɗe, ya tafi gaba ɗaya, goshinsa ya daki bakin dakali. Kafin in isa jini ya sauko har gemu. Uku ya sha da asuba, bai fasa ba.

Na tallafe kansa a cinyata, na danne wurin da hularsa. Ya buɗe ido, ya gane ni, abin da ya fara faɗa shi ne, "Kada ka kira shi."

Na kira shi.

A asibiti aka ɗinke goshin, aka sa masa ƙarin ruwa, aka ɗebi jini. Likitar nan ce dai. Ta dawo da takarda ta ce jininsa ya faɗi ƙasa sosai, jikinsa ya bushe, gishirin jikinsa ya ragu har yana iya taɓa bugun zuciya. Ta ce wannan ba aikin ƙwaya ɗaya ba ne. Yaya yake shan maganinsa?

"Ɗaya kullum," in ji taubashina. "Ni nake ƙirgawa da hannuna."

Ta dube ni. Kawu yana kallon silin. Ina iya cewa, likita, ina son magana da ke a waje. Kalma takwas ce, na ƙirga su daga baya sau da yawa. Amma an yi tambaya, na san amsa, kuma shekara talatin da biyar na yi ina horar da yara cewa in an yi tambaya a ba da amsa. Na faɗi komai, tun daga gwangwani har zuwa alwala, ɗansa yana tsaye.

Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta jawo kujera ta zauna daidai kansa.

"Baba, me ya hana ka gaya mini?"

"'Yata, akwai maganar da ba a yi da jika."

"Da ka aiko Malam. Maganin hawan jini ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ba ruwansa da zagayawa, shi jijiyoyi yake sassautawa. Shi zan ba ka in ka warware. Yana iya ɗan kumbura maka idon sawu, in ka ga haka ka faɗa, ko ka aiko. Amma shi ma ɗaya ne kullum. Shukar da aka hana ruwa kwana biyar, ba a zuwa a juye mata randa. Kwana biyar ɗin nan jininka yana sama yana yi maka ɓarna, kwana biyu kuma yana ƙasa yana neman kayar da kai. In ka manta, ka tuna a ranar, ka sha. In har lokacin na gobe ya kusa, ka bar na jiya ya tafi."

Kawu ya juya maganar a ransa, yadda yake yi in an kawo masa mas'ala.

"Wato kamar sallar Juma'a. In ta wuce, ta wuce."

"Haka ne, Baba."

"To da haka aka ce mini tun farko, ai da na gane."

Duk abin bai kai minti goma ba. Shekara guda ta wahala, ga maganinta a bakin biron yarinyar nan tun ranar farko, ba wanda ya tambaya.

A baranda taubashina ya tare ni. Tun muna yara ban taɓa jin ya yi mini magana ba tsokana a ciki sai ranar.

"Tun Talata ka sani?"

"Tun Talata."

"Da ya mutu a bakin rariyar nan fa?"

Na ce tun da an canja magani, dalilin ya kau, a bar shi ya koma gidansa ya gama aikinsa. Ni zan riƙa zuwa kowace safiya in ba shi da hannuna.

"Kai? Kai da ka ja layi wata biyu ka gudu?"

Wannan ma gaskiya ce. Ya ce mutumin da ya shekara yana tsara masa lissafi ba zai sake barinsa shi kaɗai ba, ko duniya za ta zage shi. Hawaye ne a idonsa yana faɗa. Daga asibiti mota ba ta bi ta Madabo ba.

Ba zan yi wa gidan taubashina ƙarya ba. An kula da Kawu yadda ko sarki sai haka. Ɗaki mai tayil, banɗaki a ciki, katifa mai taushi. Surukarsa da kanta take kawo ƙwaya da ruwa ƙarfe bakwai, ta tsaya har ya haɗiye. Miya ba gishiri sosai. Sawunsa ya ɗan kumbura, aka faɗa wa likita, ta duba ta ce ba komai. Ciwon ƙeya ya tafi, jiri ya tafi. Amma tagar ɗakin katanga take kallo, katangar kuma doguwa ce, a bayanta wata katangar. Yara suna makaranta, manya suna kasuwa, mai gadi yana bakin get da rediyonsa.

Mako na biyu na je Madabo na kwaso masa gafaka, jakar fatar da yake ajiye rubutun, da takardun, da tawada, da alƙaluma, da buzun. Ya shafa takardun, ya shinshina tawadar. Na kunna masa fitila mai haske kamar rana. Ya zauna ya ɗauki alƙalami ya daɗe, sannan ya ajiye.

"Wannan hasken ba ya tafiya. Yaya zan san na yi nisa?"

Na buɗe labule. Ya dubi katanga.

"Nan ba a wucewa ne?"

"Unguwar ma'aikata ce, Kawu. Kowa da motarsa."

Ya gyaɗa kai, ya mayar da takardun cikin gafaka, ya ɗaure. Na yi ta kawo dabaru, na ce a fitar masa da buzu baranda, na ce a riƙa kai shi Madabo da safe a dawo da shi. An gwada sau biyu, cunkoson hanya ya cinye hantsin, ya iso a gajiye, ya ce a bari. Yanzu alwalar asuba takan kai shi har azahar ba ta karye ba. Yana zaune da ita a bakin katifa, hannuwa bisa gwiwa, kamar mai riƙe da tikitin motar da ta riga ta tashi.

Sau ɗaya na nemi gafararsa. Ya ce, "Gaskiya ka faɗa, kuma mu muka koya maka faɗarta. Inda ake faɗarta ne ba mu koya maka ba. Wannan laifinmu ne." Sannan ya tambaye ni ko an gyara rariyar lungu. Bai sake ce mini Malamin gwamnati ba. Malam kawai yake cewa, kamar kowa.

Wata goma sha huɗu ya yi a ɗakin. Zazzaɓi da ciwon ƙirji na kwana huɗu ne suka tafi da shi, da asuba, ɗansa na riƙe da hannunsa. Na tabbata ba don maganin nan da aka daidaita ba, da bai kai haka ba. Na kuma tabbata wata uku kawai ya roƙa. Duk wanda ke da tsoho a gida, bayan ya gama ƙirga ƙwaya, ya sallami kowa daga ɗakin, ya tambaye shi abin da ƙwayar ke yi wa yininsa.

Bayan addu'ar bakwai taubashina ya miƙo mini gafakar, ya ce shi ba zai iya buɗe ta ba. Na kai ta unguwar Kabara, wajen wani gwani da suka yi karatu a gaban malami ɗaya da Kawu, ko da yake Kawu ya girme shi. Na roƙe shi ya duba mini abin da aka rubuta a shekarar ƙarshe, harafi bayan harafi. Na ce masa don a tabbatar ne. Ba don haka ba ne. Kuskure na je nema. Na ce a raina mutumin da jininsa ke hawa yana sauka haka, dole hannunsa ya zame a wani wuri, ya tsallake layi, ya sa ja inda baƙi ya kamata. In aka samu ko ɗaya, zan ce ai dama aikin ya riga ya fi ƙarfinsa, ba mu ne muka raba shi da shi ba.

Mako biyu ya riƙe ta. Da na koma na tarar ya ɗaure ta ya ajiye a kan cinyarsa.

"Babu, Malam. Ko ɗigo. Shafin ƙarshe ma ya fi na farko kyau."

Na ce ko zai ƙarasa izu huɗun da suka rage. Ya ɗaga hannunsa ya nuna mini yadda yake karkarwa, ya ce shi ma nasa ya tsaya tun bara, kuma bai san wanda ya rage a birnin nan da zai ɗora hannu a kan wannan ba a ga tabo ba. Ya miƙo mini, amma bai saki ba.

"Ni dai abin da ban gane ba, me ya tsayar da shi? Ido ne?"

"A'a."

"Hannu?"

"A'a, Gwani."

"To ciwon ne ya kwantar da shi?"

"Ciwon an shawo kansa. Mu ne muka kula da shi."

Ya dube ni, sannan ya saki gafakar.

Allah Ya karɓi izu hamsin da shidan nan, Ya rubuta masa ladan huɗun cikakke. In akwai tambaya a kansu ranar gobe, mu za a yi wa, ba shi ba.